Akwatunan Tumatir da Na Hana a Ɗauko

Ban yi karatu mai nisa ba. Na bar lakwal, wato makarantar boko, a aji na biyu na kwaleji, shekarar da ƙafar babanmu ta kumbura har ya kasa tsayuwa a kasuwa, na karɓi rumfarsa ta tumatir a Zongon Lome. Abin da na fito da shi bai wuce Faransancin da zan karanta takarda, in kuma yi gardama da jandarma a hanya ba. Amma a cikin dillalan tumatir, waɗanda yawancinsu allo kaɗai suka yi, wannan ɗan abin ya sa ana yi mini kallon mai digiri. Ni ma sai na yarda da kallon.

Ga yadda muke aiki, saboda wanda bai san sana'ar ba. Tumatirin rani daga arewa yake zuwa mana, daga lambunan bakin rafi da ke kusa da iyaka, tafiyar yini da kwana a kamiyo, babbar motar kaya. Ba ma rubuta takarda da manomi. Idan lokaci ya yi, sai mu aika akwatunan katako babu komai a ciki, kowanne da tambarin gidan mai shi da jan fenti. Manomi na ganin akwati a bakin lambunsa, magana ta ƙare. Zai tara iyalinsa su tsinke, domin ya san jibi mota na tafe. Shi kuwa tumatir, muddin yana jikin uwarsa zai iya jiranka kwana huɗu ko biyar, amma ranar da aka tsinke shi, ranar ya fara mutuwa. Don haka aika akwati a wurinmu rantsuwa ce. Tun da na yi wayo ban ji wanda ya aika sannan ya fasa ba.

Manomin gidanmu dattijo ne ɗan ƙabilar Moba, ba Musulmi ba ne, Hausarsa ta kasuwa ce amma tana da daɗin ji. Shi da babanmu tun suna samari suka fara. Idan babanmu ya je, ɗaki yake ware masa, da buta, da tabarmar da ba mai takawa, in za a yanka kaza kuma babanmu yake miƙa wa wuƙa. Da babanmu ya rasu, tsohon nan ya hawo mota har Lome, ya zauna kwana uku a zaman makoki yana amsa gaisuwa kamar ɗan'uwa na jini. Ina ce masa Baba, yana ce mini ɗan abokina.

Sai arewa ta fara lalacewa. Masu bindiga a kan babura suna tsallako iyaka, su ƙone rumbu, su kora shanu, su ce wa ƙauye kaza kada a sake ganin kowa a gona. Wani direbanmu ya taɓa barin motarsa ya kwana a daji, ya dawo da ƙaya a ƙafa, mako guda ba ya magana sosai. Bayan haka ne dillalai suka buɗe gurub a waya don a riƙa sanar da juna halin hanya. Alhaji, shugaban dillalanmu, wanda direbobi ba sa tayar da mota sai da izininsa, ya kira ni gaban masallaci ya ce, "Kai ne ka yi lakwal. Ka riƙa leƙa mana cikin wayar nan, in ka ga abu ka faɗa. Rayukan mutane ne."

Na karɓa da niyya mai kyau, wannan Allah ya sani. Na shiga bin shafukan gidajen rediyon ƙauye, da na samarin da ke ɗora hoton duk abin da ya wuce ta gabansu, da saƙonnin murya da ke yawo daga waya zuwa waya, har da shafukan masu yabon 'yan bindigar, inda wani lokaci suke cika baki da abin da za su yi. Ƙanwata, wadda ke karatu a jami'a tana zaune wurin gwaggonmu a unguwar Djidjolé, ita ta koya mini yadda ake tace labari. Ta ce kada in yarda da abu sai na ji shi daga wuri biyu da ba su san juna ba. Ta nuna mini yadda ake saka hoto a intanet a gano ko tsoho ne. Ta ce in riƙa duba bayan hoton, ba gabansa ba: ciyawa, lambar mota, irin rufin ɗaki. Kuma in kira mutumin da ke wurin, in ji daga bakinsa.

Da farko na bi maganarta, kuma ta yi amfani. Akwai ranar da na ga samarin wani ƙauye suna ta rubuta cewa kada a bi ta wata gada. Na kira mutum biyu, suka tabbatar. Na sanar, motocinmu suka zagaya. Kashegari aka ji abin da ya sami wata motar hatsi a kan gadar nan. A ranar nan Alhaji ya dafa kaina a gaban jama'a. Direban da ya taɓa kwana a daji ya kawo mini zabuwa har gida.

Daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba. Waya ta manne a hannuna. Ina auna wa mutum kaya ido na kan gilashin waya. Ina sujada in ji ta yi motsi a aljihu, sai in manta raka'a ta nawa nake. Matata ta ajiye mini koko da ƙosai, sai ta dawo ta tarar ƙuda ya riga ni. Akwai wata Tanti mai sayar da abinci a unguwar Amoutivé da ke sayen kwando biyu a wurina kowace safiya, ta gaji da tsayuwa wata rana ta ce, "Maigida, in ka gama yaƙin ka ba ni tumatir. Ko sai na aiko maka da hotona a waya za ka gan ni?" Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ban ajiye wayar ba.

Abin da ya fi wannan muni, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu, shi ne na fara jin haushin ranar da babu labari. In yini ya wuce lafiya lau, sai in ji kamar an rage mini wani abu. A majalisar bayan la'asar sun saba da tambayata, "Sarkin labari, yau me ke ƙasa?" In na ce babu komai, sai hira ta koma kan ƙwallo, ni kuma in zama kamar kowa. Ban taɓa roƙon Allah ya kawo masifa ba. Amma zuciyata tana saurarenta yadda mai rumfa ke sauraren takun mai saye.

A tsakiyar ranin da nake magana a kai, akwatunanmu sun isa wurin Baba ranar Litinin. A makon nan namu kaɗai suka tafi yankin, sauran dillalai ba su kai ga aikawa ba. Talata da Laraba suka yi tsinka. Kamiyo zai tashi daga Zongo Laraba da yamma.

Larabar, bayan azahar, ina zaune a rumfa sai wani bidiyo ya shigo mini daga wani shafi da ban daɗe da fara bi ba. Babura, hayaƙi, rumbuna uku suna ci da wuta, mata na kururuwa. A ƙasa an rubuta da Faransanci cewa yau da safe ne, an kuma sa sunan yankin su Baba. Ban kira kowa ba. Ban saka hoton a ko'ina ba. Ban ma kalle shi har ƙarshe ba. Na tura a gurub, na bi shi da muryata ina haki: "Jama'a, na tabbatar. Kada mota ta tashi."

Sai da na tura na sake kallo a natse. A bayan rumbunan akwai masara, doguwa, kore shar, ga ruwa kwance a ƙasa. Mu kuwa muna tsakiyar rani, wata da watanni rabon arewa da ɗigon ruwan sama. Na kai yatsa zan goge saƙon, sai ga amsoshi suna shigowa kamar ruwan famfo. Allah ya saka maka da alheri. Allah ya bar mana kai. Matar wani direba ta aiko murya tana kuka tana sa mini albarka. Na janye yatsana.

Na ce wa kaina, ai wataƙila masarar lambu ce, ana ba ta ruwa. Na san ƙarya nake yi. Na san lambunan nan kamar tsakar gidanmu, ba mai shuka masara a gindin rumbu da rani.

Bayan la'asar Alhaji ya tara mu a bencinan gaban masallaci, da dillalai da direbobi. Shi ba mutum ba ne mai gaggawa. Ya kalli bidiyon sau biyu da tabarau, ya ce, "To. Ka kira mutumin gidanku?"

"Ban samu ba tukuna, Alhaji."

"Kira shi yanzu. Buɗe murya kowa ya ji."

Na kira ina fatan kada ta shiga. Ta shiga. Baba ya ɗauka da fara'arsa, ana jin hayaniyar mata a bayansa.

"Ɗan abokina! Mun cika su dam. Bana ka ga kaya, kowanne kamar dunƙulen hannu. Mota ta taso?"

Alhaji ya matso ya ce, "Dattijo, muna gaisuwa. An ce mana an kawo muku hari da safe."

Baba ya yi dariya har da tari. "Hari? Sai dai na awakin maƙwabcina, su ne 'yan ta'addan da suka dame ni. Wallahi, kamar yadda kuke cewa, lafiya lau muke. Ku turo mota."

Idanun majalisa suka dawo kaina. Wani direba ya fara murmushi, irin murmushin da na san zai zama dariyar wata guda. A nan ne ya kamata in ce, jama'a na yi kuskure, ku yafe ni. Kalma shida ko bakwai. Maimakon haka sai na kifa wayar a kan cinyata, na rage murya na ce, "Alhaji, wa ya sani ko suna tsaye a kansa? Haka suke yi. Su ɗora wa mutum bindiga su ce ya kira mota."

Murmushin direban ya ɓace. Wanda ya taɓa kwana a daji ya miƙe ya ce shi ko za a ba shi motar kyauta ba zai je ba. Alhaji ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a dakata har a ga abin da hali ya yi. Aka watse ana yi mini godiya.

Alhamis da hantsi ƙanwata ta sauko daga zemijan, babur ɗin haya, a bakin rumfata, ko canji ba ta tsaya karɓa wurin mai babur ba. Wani ya tura mata bidiyon, ta bincika. Ta ja ni bayan kwanduna ta nuna mini: shekarunsa biyu yana yawo, kuma a wata ƙasa aka ɗauke shi, an sha liƙa masa sunayen garuruwa.

"Yaya, c'est faux, ƙarya ce tsagwaronta. Ba ka ga masarar ba?"

"Na gani."

"Yaushe?"

Na shiga gyara kwandon da ba ya bukatar gyara.

"Yaya, tambayarka nake yi. Kafin taro ko bayan taro?"

"Ke yarinya ce, ba ki san yadda ake zama da manya ba."

"Na san yadda tumatir yake zama a akwati," ta ce. "Ka je wurin Alhaji yanzu. In mota ta tashi yau, za a tsira da rabi. In kana jin kunya ni zan raka ka."

Na ce mata gobe Juma'a, kowa zai hallara, zan faɗa bayan an sauko. Ta kalle ni kallon da babanmu ke yi wa ruɓaɓɓen kaya, ta tafi.

Kwana biyun nan ban san inda na sa kaina ba. Na kasa zama a rumfa. In tashi in nufi gidan Alhaji, in kai kwanar layinsu, in wuce kamar wani wurin za ni. Na hau zemijan har unguwar Totsi ba tare da ina da abin yi a can ba, na sha ruwan kwakwa a tsaye, na dawo. Na rubuta saƙon neman gafara a gurub, na goge, na sake rubutawa, na sake gogewa. Na shiga neman wani labarin hari na gaske a yankin, ko ƙarami ne, wanda zai rufa mini asiri. Ka ji irin lalacewar da mutum ke kaiwa: ina ta addu'ar Baba ya zauna lafiya, ina kuma laluben abin da zai nuna ba lafiya yake ba. Shi kuma yana ta kira. Wayar da ba ta barin hannuna, sai ga ni ina kifa ta ina jin tana ɓari a kan tebur har ta gaji.

Juma'a aka sauko, na ga Alhaji, na gaishe shi, na tambayi jikin iyali, na wuce.

Sai Asabar da safe, bayan matata ta ce mini ita fa ba za ta ci gaba da zama da mutumin da ke zagaya tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai ba, na je. Ko a nan ma rabin gaskiya na kai. Na ce, "Alhaji, binciken da na ƙara yi ya nuna bidiyon nan tsoho ne."

Yana yanke farce da reza, bai ɗago ba. "Binciken yau ne ko na Laraba?"

Na durƙusa. Na faɗa masa duka, har da masarar.

Bai zage ni ba. Ya ce, "Da ka ce mini ka yi kuskure, da na ce kai mutum ne. Mu ma mun sha sayen kaya a duhu. Amma ka sa na ƙaryata dattijo a gaban yara." Ya sa aka nemo direba, da ƙyar aka sami mai zuwa, domin tsoron da na shuka ya riga ya yi saiwa. Ya ce, "Kuma da kai za a tafi. Ba a aika irin wannan a waya."

Mun tashi Lahadi, muka isa Litinin da rana. Tun kafin mu sauka daga kan hanya warin ya tare mu. An jera akwatunan a ƙarƙashin mangwaro, an lulluɓe su da ciyawa don rana, jan tambarin gidanmu yana leƙowa. Ruwa na tsiyaya ta ƙasansu ya yi ƙananan magudanai, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Matan gidan sun yanka abin da suka iya sun shanya a kan tabarmi da rufin ɗakuna, amma hannu nawa gare su? Abin da ya rage ya fi ƙarfin wuƙa. Wannan shi ne noman ranin gidan gaba ɗaya, ban ruwan wata uku da guga, safe da yamma.

Baba ya fito da sandarsa. Ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi mahaifiyata, da matata, da ƙanwata mai karatu, da Alhaji, da hanya. Ya sa aka kawo ruwa a ƙwarya, aka shimfiɗa mini tabarma. Na so ya yi faɗa, da na fi samun sauƙi. Na fara magana ina kame-kame, wai labarai sun yi yawa, wai an ruɗe mu. Ya ɗaga hannu.

"Ɗan abokina, ranar nan ba ka kashe waya ba. Na ji ka."

Na sunkuyar da kai.

"Tumatir ba komai ba ne. Ya taɓa ruɓe mana saboda mota ta lalace, ni da babanka muka zauna a nan muka ci gyaɗa muka yi dariya. Tsoro ma ba laifi ba ne, mu da muke nan kullum da shi muke kwana. Amma ka ce an ɗora mini bindiga na kira ku. Babanka ya san ko wuƙa ce a wuyana ba zan kira shi cikin wuta ba. Na ɗauka ya gaya maka."

Na ce lalle babanmu ya gaya mini. Na ce ba tsoro ba ne ya sa ni, kunya ce da son a ce na iya. Na gaya masa zancen masarar. Ya saurara har na gama, ya gyaɗa kai, ya ce ya yafe, kuma na ga alamar da gaske yake. Sannan ya ce in tashi mu yi aiki. Muka yini muna juye akwatunan a rami, ni da shi da 'ya'yansa da direba, muna wanke su a rafi. Babban ɗansa ko kallona bai yi ba har muka gama.

Da za mu tafi, ya riƙe hannuna a bakin mota ya ce, "Baɗi kada ka aiko akwati. Ka zo da motarka, in na gan ta da idona, sai mu tsinka."

Haka muke yi tun daga lokacin. Maƙwabtansa ana sauke musu akwatuna, mota ta zo ta ɗauka ta juya a yini guda. Tamu sai ta tsaya kwana biyu a bakin lambu, direba na tsaki, ni ina zaune a gindin mangwaro kowa na wucewa yana gaishe ni, kowa kuma ya san dalili. Aikin leƙen waya ban bar shi ba, domin masu baburan ba su bari ba, kuma Alhaji ya ce wanda ya ƙone ya fi sanin zafi a cikinmu. Sai dai ba na tura komai sai ƙanwata ta gani, kuma na daina cewa na tabbatar. Har yanzu in waya ta yi motsi gabana yana faɗuwa, kuma ba kullum nake iya rantsewa cewa tsoro ne kaɗai ba.

Bara, da muka gama lodi, na ga yana cikin nishaɗi, jikarsa ta haihu, kaya sun yi kyau. Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, baɗi in aiko da akwati?"

Ya kalli motar, ya kalle ni, ya gyara tsayuwa a kan sandarsa.

"Tukuna," ya ce.